Ranar da Babu Maza a Nima

Duk wanda ya gaya maka cewa ni Suweiba na yi wa namiji wankan gawa, ka ce masa ya zo ya maimaita a gabana. Ban yi ba. Na dai ɗauki bokitina na tsaya a bakin ƙofa, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da na shiga ba tare da na nemi izinin kowa ba. Gawar ta yayana ce, Jibirilu, wanda mutanen Nima, unguwarmu a nan Accra, suke kira Ɗan Rasha. Tarihinsa nake so in bayar da bakina, domin masu bayar da shi a wurin mai shayi ko sau ɗaya ba su taɓa zama a ɗakinsa ba.

Ni mai wankan gawar mata ce. A hannun Mma, mahaifiyarmu, na gaji aikin, kuma na fi shekara talatin ina yinsa. Daga Kawukudi har gotar Maamobi, babbar magudanar ruwan nan, da wuya ka nuna gidan da ban shiga da bokitin nan ba. Iyayen mazan unguwarmu mata, da matansu, da ƙannensu, ni na juya su da hannuna, na tsefe musu kai, na ga abin da na gani na rufe bakina. Ba gori nake yi ba. Ina faɗa ne don a san wace ce aka bari tana yawo a rana ranar da nata ya mutu.

Jibirilu ya girme ni da shekara huɗu. Babanmu mutumin Nijar ne, ya zo Accra tun yana saurayi, ya yi gadi a wani shagon kayan gini a Tudu har ya tsufa. Mutum ne da yake tarar ɓarayi da sanda shi kaɗai. Amma a shekarar da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasar, Jibirilu yana ɗan shekara goma, ya shiga madafa wata rana ya tarar da Baba a tsugunne bayan buhunan gawayin Mma, jikinsa yana rawa, saboda an ce an ga motar 'yan sanda a bakin lungu. Ba motar 'yan sanda ba ce, mai kawo itace ne. Da yamma Jibirilu ya tambayi Mma, wai abin nan da ya kama Baba, ta ina yake shiga mutum? Mma ta buge masa baki ta ce kada ta sake ji. Bai sake tambayarta ba, amma bai bar tambayar ba.

Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Da ya gama sakandare aka zaɓe shi cikin waɗanda za a kai karatu Rasha. An ce injiniyan ruwa zai zama. Ranar da zai tafi lungunmu ya cika maƙil, tsofaffi suna shi masa albarka, kowa yana cewa ga wanda zai dawo ya raba mu da ambaliyar gota. Abin da ba mu sani ba shi ne, a can shekarar farko harshensu ake koya wa baƙo kafin a ba shi wani karatu. Jibirilu ya shiga harshen nan bai fito ba. Ya bar ruwa ya koma sashen masu binciken harsuna, ya yi shekara goma a wani gari mai sanyi wanda har yau ban iya faɗin sunansa ba. Yana can Baba ya rasu, kuma labarin bai kai masa ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Da ƙasar da ta ɗauke shi ta wargaje, ya dawo da akwati biyu na littattafai, da wata ƙatuwar rigar sanyi, da takardar shaidar da babu ofishin da ya san abin da zai yi da ita.

Ni ma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. An aiki mutum ya koyo yadda za a tare ruwa, ya dawo da kalma ɗaya a baki. Wata rana yana kwance fanka a ƙofar ɗaki na tsaya a kansa na ce, "Yaya, don Allah gaya mini, shekara goman nan me ka karanta?"

Ya ce, "Tsoro."

Na ce, "Wannan ai ba sai ka hau jirgi ba."

Ya yi dariya, ya ajiye abin kwance noti. Ya ce mutanen can, da Rashawa da Polawa da Sabiyawa da sauran danginsu, kusan duk da kalma ɗaya suke kiran tsoro, sitirah ko wani abu kusa da haka. Sun gaje ta daga wani tsohon harshe na kakanninsu wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Abin da ya hana shi barci shi ne, malamansu sun kasa yarda da juna a kan inda kalmar ta fito. Wasu sun ce daga sandarewa ne, yadda ruwa yake daskarewa a sanyinsu, domin mai tsoro ƙamewa yake yi. Wasu sun ce daga gadi ne da tsaro. Wasu kuma sun ce daga wahala ne da shan azaba. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja tana da inda ta gurgunce.

Na ce, "To kai wanne ka kama?"

Ya ce, "Ban kama ko ɗaya ba. Waɗanda suke nan ranar da aka fara faɗinta sun mutu ba su bar shaida ba. Shi ya sa asali yake ɓata, Suweiba."

Na tsuke baki na tafi na bar shi da fankarsa. Na riƙe maganar ne kawai saboda haushin da ta ba ni.

Da farko ya sami aikin tafinta a tashar jiragen ruwa ta Tema, wurin wasu matuƙan jiragen kamun kifi masu jin harshen. Da waɗannan suka daina zuwa, aikin ya ƙare. Sai ya kafa benci a mararrabar Kawukudi yana gyaran fanka da dutsen guga da abin dafa ruwa, kuma a kan bencin nan ya ƙare rayuwarsa. Hannunsa yana da kyau. In ya gyara maka abu, sai ka manta hanyar wurinsa. Ya nemi aure sau ɗaya, an yi gaisuwa an karɓi goro, daga baya aka mayar da goron ba a faɗi dalili ba. Bai sake nema ba. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu da 'yata Nadia, ɗakina yana kallon nasa, ni nake dafa masa abinci.

Akwai abu ɗaya a ɗakin nan da ya kamata in bayyana, tunda shi aka fi jawowa. A kan ɗan teburinsa akwai hoton Baba, a gaban hoton akwai tambulan da ruwa, a kan bakin tambulan ɗin yankin burodi. Kowace safiya zai canja ruwan, ya marmasa burodin jiya ya watsa wa kajin tsakar gida, ya ɗora sabo. Na ce masa wannan ba al'adarmu ba ce, kuma ba addini ba ne. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da labarin rasuwar Baba ya iske shi, babu Musulmi ko ɗaya kusa da shi, babu wanda zai ce masa Allah ya jiƙansa. Tsohuwar da yake haya a gidanta ce ta ga yana kuka, ta ɗauko tambulan da burodi ta ajiye gaban hoton yadda suke yi wa mamatansu, ta zauna kusa da shi har yamma ba ta ce komai ba. Ya ce, "Baba ba ya bukatar ruwana, addu'a yake bukata, kuma ina yi masa. Wannan na tsohuwar ne. Ita kaɗai ta yi mini zaman makoki."

Ban san ranar da mutane suka fara jin tsoronsa ba. Na dai lura uwaye suna janye yara in ya shigo lungu. Masu kawo gyara suna ajiye fanka a bakin benci su ja da baya, in sun karɓa su goge ta da gefen zani. A masallaci, in ya tsaya a sahu sai a bar fili a damansa da hagunsa, alhali liman yana ta cewa a haɗa kafaɗa. Ya koma sahun baya, filin ya bi shi. Ya koma bakin ƙofa wajen takalma. Daga ƙarshe ya shimfiɗa dardumarsa a ɗaki, kuma ni da kunnena nake jin kabbararsa ta cikin bango sau biyar a rana. Sai kuma aka ce ai ga shi nan, ko masallaci ba ya zuwa. Na sha cewa zan je in yi musu tas, yana hana ni. Wannan haƙurin nasa ma haushi yake ba ni, har yau.

Ya rasu a lokacin zafin nan da yake zuwa kafin damina. Yana da hawan jini, yana shan magani yana mantawa. Da hantsi na kai masa koko da ƙosai, na yi sallama ba a amsa ba, na tura ƙofa na same shi a kwance a gefen darduma. Mai irin aikina ba ta bukatar a gaya mata. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na miƙe masa ƙafafu, na lulluɓe shi. Iyakar abin da mace za ta yi wa namiji ke nan in ba mijinta ba ne. Wanka na maza ne, kuma a ɗaki mai rufin kwano cikin irin zafin nan gawa ba ta jira. Wasiu mijin Nadia ya tafi neman takardar binnewa da shirin kabari. Ni kuma na tattara fankokin mutane da ya gyara ba a zo an karɓa ba, na kunna su duka na juya su kansa, na ɗauki mayafi na fita neman masu wanka.

Wurin Malam Fatawu na fara zuwa, domin shi ne babban masu wankan maza a ɓangarenmu, kuma mun sha haɗuwa a gidajen rasuwa, shi ta ƙofar gaba ni ta ciki. Na same shi a zaure. Ya yi innalillahi, ya yi addu'a, sannan ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ya ce, da Hausar nan ta Nima wadda ba ta raba ka da ki, "Hajiya, ka yi haƙuri. Maganan yana da nauyi paa. Sai mun ji daga manya."

Na ce, "Wane nauyi? Musulmi ya mutu, a wanke shi."

"An ce akwai abin da yake ba abinci a ɗakin. Kullum safe. Ruwa da burodi."

"Wa ya ce?"

"Mutane ne."

"Mutane suna da suna, Malam. Ka gani da idonka?"

"Ni ban shiga ba kraa, ko sau ɗaya. An ce wani yaro ya leƙa ta taga, tun da daɗewa."

Na tambaye shi sunan yaron, bai sani ba. Na gaya masa labarin tsohuwar, ya gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi, ya sake cewa sai manya sun yi magana. Raina ya ɓaci har na manta ban yi masa sallama ba.

Babban da ake nufi shi ne Alhaji Saaka, shugaban kwamitin masallaci, mai shagon yadi a New Town. Ni na wanke mahaifiyarsa, kuma ranar da hawaye ya yi mini godiya. Na tarar da shi yana shirin shiga mota. Shi bai ma ambaci burodi ba. Nasa dalilin daban ne.

Ya ce, "Anti Suweiba, kai ma ka sani. Ƙasan can, kafin su ba mutum makaranta sai ya rantse babu Allah. Kowa ya sani."

Na ce, "Kowa wa? Ka je can?"

"Ba sai na je ba. Kuma shekara nawa ba mu gan shi a jam'i ba? Ni zan tsaya gaban Allah in ce na shaide shi?"

Na ce, "Alhaji, da idona na leƙa ta labulen mata na ga ka matsa daga kusa da shi a sahu. Kai ka fara matsawa ko shi ya fara daina zuwa?"

Ya ce shi ya matsa ne saboda ya ga wasu sun matsa. Ya ce za su zauna bayan azahar su duba maganar. Su duba! Kamar rikicin fili aka kawo musu, ba mutumin da yake kwance a ƙarƙashin kwano ba. Ya shiga motarsa ya ja gilashi.

A hanyar dawowa ƙafata ta yi nauyi, na ratsa gidan Hajiya Sala, ƙawar Mma, wadda ta kusa shekara casa'in kuma ba ta fita ko'ina. Na zauna a bakin gadonta na ce ta gaya mini gaskiya, tunda ita ta ga farkon komai, wannan abin daga ina ya taso.

Ta ce, "Ina jin uwanku ne."

Na ce, "Mma?"

Ta ce lokacin da Jibirilu ya dawo, yaran masu ƙosai sun riƙa shiga ɗakinsa in ya fita, suna yage littattafan suna kai wa iyayensu takardar ƙunshi. Mma ta yi faɗa ta gaji, sai ta tsaya a tsakar gida ta ce duk yaron da ya sake taɓa akwatin nan, abin da yake ciki zai kama shi. Daga ranar ba a sake yage ko shafi ɗaya ba. Yaran nan su ne manyan unguwa yanzu. Na yunƙura zan tafi. Amma kafin in tashi tsohuwar ta ƙara cewa, "Ko kuwa tun kafin nan ne? Kamar na ji ana magana tun bai sauka daga jirgi ba. Na manta, ɗiyana."

Na fito da dalili uku a hannu, babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa, kuma babu wanda zai ɗebo ruwa. Aka kira azahar, aka yi salla, na kasa kunne ko za a yi sanarwar rasuwa a lasifika. Ba a yi ba. Na koma gida na shiga ɗakin Yaya na zauna kusa da shi. Matan gidan suna tsakar gida sun yi jugum, babu wadda ta tako bakin ƙofa. Ina zaune haka wuta ta ɗauke. Fankokin suka yi ta rage gudu har suka tsaya, zafin kwano ya sauko kanmu nan take. Na san abin da zafi yake yi wa jikin mamaci, na sha gani a gidajen da aka yi jiran ɗan da yake hanya. Na rantse ba za a ga wannan a jikin Jibirilu ba.

Na shiga ɗakina na ɗauko bokitin aikina, da ganyen magarya, da kafur, da tsummokaran da nake naɗewa a hannu. Akwai famfo a gidanmu, amma ban ɗebi ruwa a nan ba. Na bi lungu da bokitin a hannu har ƙofar masallaci, inda kwamitin yake zaune a kan benci a inuwa, wai suna duba magana. Na wuce ta gabansu na tara bokitin a tankin alwala. Duk Nima an san bokitin nan. In an gan shi a hanya, an san wata ta tafi.

Malam Fatawu ya miƙe ya ce, "Hajiya, wane mace ya rasu kuma?"

Na ce, "Babu macen da ta rasu. Yayana zan wanke."

Ruwa ya ci gaba da zuba a bokiti. Alhaji Saaka ya ce, "A'uzu billahi! Anti, ka san abin da kake faɗi?"

Na ce, "Na sani. Malam Fatawu, kai ka yi karatu. Malaman da suka koya mini aikin nan sun ce in namiji ya mutu a inda babu maza, muharramarsa tana iya rufe masa al'aura ta wanke shi. Haka ne ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka ne. Amma wannan in babu maza ne."

Na ce, "To tun hantsi nake zagaya Nima ina nema. Ban samu ba."

Ban tsaya ganin fuskokinsu ba. Na rufe famfo, na ɗauki bokitina na juya. Ruwan yana zuba a ƙafata, mata suna leƙowa ta ƙofofi. Wallahi ba barazana na yi ba, shiga zan yi. Na kai bakin ƙofarsa na ajiye bokitin, na naɗe hannun riga, na fara ɗaura tsumma a hannun hagu. A nan na ji ƙarar silifa a bayana, da yawa, suna sauri. Malam Fatawu ya sa hannu ya ɗauki bokitin bai kalle ni ba. Alhaji Saaka yana bayansa da wasu mutum biyu.

Suna ɗaga labule suka ci birki. Tambulan yana nan a gaban hoton Baba, da burodin da ya ɗora da safen nan kafin ya faɗi. Manyan mutane huɗu masu furfura suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

Alhaji Saaka ya ce ƙasa-ƙasa, "A fitar da wancan tukuna."

Na ce wa zai fitar? Babu wanda ya motsa. Haushi ya turnuƙe ni, na ratsa ta tsakaninsu, na ɗauki burodin na yi bismilla na cinye, na ɗaga tambulan na shanye ruwan tas, na kife shi a kan tebur. Dama tun safe ban sa komai a bakina ba. Na ce, "Ga abin da kuke tsoro ya shiga cikina. Ku yi aikinku." Na fito na saki labulen.

Sun wanke shi. Ina zaune a kan turmi ina jin zubar ruwa, ina bin aikin a raina gaɓa bayan gaɓa, kuma ban ji sun tsallake komai ba. Da Malam Fatawu ya fito yana goge hannu, ya matso kusa da ni kamar mai kawo albishir.

Ya ce, "Hajiya, jikinshi laushi paa. Bai sandare ba. Kaman mai barci."

Na ce, "Da me ka zata za ka tarar?"

Ya juya ya koma wurin maza. Aka yi sanarwa a lasifika, Wasiu ya dawo da takarda, aka sallace shi bayan la'asar. Na leƙa ta saman katanga na ga sahu ya cika, kafaɗa da kafaɗa, babu fili ko na tafin hannu. Shekara da shekaru yana neman wannan sahun yana raye. Kuka na yi, amma rabinsa na takaici ne, domin na san ba ƙauna ce ta kawo su ba. Gudu suke kada a ji a Maamobi da New Town cewa mace ta nemi maza a Nima ta rasa. Aka ɗauki makara aka tafi, mu mata muka tsaya a bakin lungu.

Bayan 'yan watanni Salamu matar Alhaji Saaka ta rasu. Tare muka yi makarantar allo da ita, kuma tana jinya ta riƙe hannuna ta ce kada in bari kowa ya taɓa ta sai ni. Da na ji sanarwa na haɗa kayana na zauna ina jiran ɗan aike. Ba a aiko ba. Daga baya na ji an ɗauko wata daga Maamobi a tasi. Aka yi wata rasuwar a Kawukudi, nan ma ba a kira ni ba. Sai na lura yaran da suke zuwa ɗakina cin ƙanzo sun daina, kuma mai sayar mini da tumatir tana ajiye ƙullina a kan tebur maimakon ta miƙo mini a hannu.

Na sa Nadia ta bincika mini, ta dawo da amsa uku. Wasu sun ce na wanke namiji, hannuna bai halatta ga mata ba. Wasu sun ce na cinye abincin abin da Jibirilu yake kiwo, yanzu a jikina yake. Wasu kuma sun ce tun asali haka gidanmu yake, tun daga Mma. Ta tambayi kowacce wa ya faɗa, kowacce ta ce an ce.

A nan ne na so a ce Yaya yana raye in gaya masa ya yi kuskure. Ya ce asali yana ɓata ne saboda waɗanda suka ga farko sun mutu. Ga Malam Fatawu nan da ransa, ga Alhaji Saaka, ga matan gidanmu da suka ga inda na tsaya da inda ban taka ba. Kullum ina haɗuwa da su a lungu, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce ga yadda aka yi. Ko shekara ɗaya ba a yi ba, abin ya riga ya zama an ce.

Littattafansa suna ɗakina a cikin akwatunansu, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, kuma duk mai son a ƙone su ya zo ya faɗa mini da kansa. Hotonsa na ajiye kusa da na Baba. Bokitin na kife shi a bayan ƙofa don kada sauro ya samu wurin zama. Makon jiya na ciro shi, na kira Nadia, na kwanta a kan tabarma na ce ta naɗe tsumma a hannu, in nuna mata ta inda ake farawa da yadda ake juya mutum. Ta ce ita ba ta son aikin nan, tsoro take ji. Na ce ni ma tsoro nake ji, kada ranar tawa ta zo a rasa mai wanke ni, shi ya sa nake koya miki. Nawa dai na san ta inda ya shige ni.